Allon Baba, Allon Baffa, Allon Kaka

Da sunan Allah na fara, don ko ban ƙarasa makaranta ba na san ba a tsoma alƙalami a tawada sai da shi. Wanda zai karanta ma sauran a bakin karofi ya ɗaga murya, in kuma ya ga harafi ya karkace ya gyara da bakinsa ya wuce. Kada ya tsaya yi mani dariya, na fi shi iya ta.

Babana da ƙanensa, wanda muke ce ma Baffa, uwa ɗaya uba ɗaya suke, amma in ka ga irin kallon da suke ma juna sai ka rantse ɗaya ya taɓa ƙona rumbun ɗaya. Abin ya faro daga rabon gandu bayan rasuwar kakanmu namiji. An raba gona, an raba fartanya da galma, har igiyar jaki sai da aka raba. Sai aka zo kan wata ɗorawa da ke tsaye daidai kan iyaka. Baba ya ce saiwarta na cikin gonarsa. Baffa ya ce inuwarta a tasa take kwanciya. Kaka, uwarsu, ta ce su rufe mata baki, ɗorawa tata ce, mijinta ya ba ta tun tana amarya, da kalwarta take daddawa tun ba su iya ɗaura wando ba. Sai faɗan ya koma kan wa zai gaje ta, tsohuwa kuwa na zaune tana kaɗi tana jin su.

Ƙarshe dai Baffa ya kwashe iyalinsa ya bar Bakori, ya sari sabon daji a wani ƙauye wajen Tsiga. Ranar da zai tashi Baba ya rantse gaban mutane ba zai ƙara ce mashi ko sannu ba, ba zai kuma aika mashi kowa da magana a baki ba. Liman ya ce irin wannan rantsuwa karya ta ake yi a yi kaffara, don ba a rantsuwa kan yanke zumunci. Baba ya ce ya ji. Iyakar abin da ya yi ke nan, ji.

Kaka ta zauna gidanmu. Ni ne mijinta na wasa, kamar kowane jika. Kullum na dawo kasuwa sai in leƙa ɗakinta in ce, "Amarya, ina tuwona?" ta ce, "Mijin banza, ina cefane?" A kasuwa nake wuni, ina riƙe ma fatake jakuna, ina kai zannuwa karofi, ina tsokanar duk wanda ya wuce. Abin da na tsira da shi daga makaranta shi ne haɗa baƙi. Ina iya rubuta maganarmu ta Hausa da haruffan allo, abin da malam ya ce ɓarnar tawada ce.

Da bazara, lokacin da ɗorawa ke nuna, ƙafafun Kaka suka kumbura. Ta bar tuwo ta koma kunu, kunun ma sai a dawo da shi kusan yadda aka kai. Abu ɗaya take maimaitawa: a kira mata autanta. Autan nan Baffa ne. Baba na ji yana yin kamar sauro ne ke kuka, har ranar da ta kira shi da sunan da ba wanda ya isa ya kira shi da shi, ta ce, "In na mutu ban ga ƙanenka ba, kai ka sani."

Da safe ya kira ni zaure.

"Kai, ɗauko allonka."

"Baba, za a maida ni makaranta?"

"Rantsuwata ta baki ce. Ban ce komai kan allo ba."

Na ce takarda ta fi daraja, akwai wani bafatake da ke da ita. Ya ce takarda tsada gare ta, wancan kuwa bai kai ba. Na wanke tsohon allona, na fiƙe alƙalami, na dama tawada a kurtu, na tanƙwashe ƙafa.

"Rubuta: zuwa ga wanda ya gudu ya bar uwarsa."

"Ba sallama?"

"Sallama ta mutanen kirki ce. To, sa ta, amma ƙarama."

Daga nan ya buɗe. Raggon da ciyawarsa ta fi dawarsa tsawo. Wanda ya ari galma ya maido ta ba ƙota. Wanda sai matarsa ta tauna magana ta ba shi kafin ya faɗa. Wanda ya ci bikin kowa, nashi bikin ko kare bai ƙoshi ba. Ya taso da abin da ya faru tun suna kiwon awaki, wata akuya da aka bari ta ci wake aka doki Baba a kanta. Can da abin ya yi zafi ya kai bakinsa kan "uwar", sai ya tuna wace ce uwar, ya haɗiye ya yi tari.

Ni kuwa abin nema ya samu. Duk inda Baba ya tsaya numfashi sai in cike gurbin. Ni na sa cewa Baffa na tafiya kamar agwagwa ta taka ƙaya. Ni na sa cewa gemunsa kamar an fara shara an fasa. Da na karanta ma Baba sai ya ce, "Ni na faɗi wannan?" Na ce kusan haka. Ya ce a bari. Har yau ban yi rubutun da ya kai wannan kyau ba, shaɗara bisa shaɗara, wasulla ras, ciki da bayan allo ba wurin da ƙuda zai sauka.

Sai da na ɗaga shi ya bushe na tuna.

"Baba, maganar Kaka fa?"

"Ban faɗa ba?"

"Ba ka faɗa ba."

Ya kalli allon, ya kalli rufin zaure. "To matsa ta wani wuri."

Na ce a goge zancen akuya a sa ta nan. Ya ce in na taɓa akuyar nan sai ya karya mani hannu. Sai na samu ɗan gefe can ƙasa, na rubuta ƙanana kamar sawun tururuwa: Inna ba lafiya, tana kiranka.

Na bi ayarin masu cin kasuwa, don hanyar ba ta mutum ɗaya ba ce. Allo a hammata, rana ta bazara, ka san sauran. Na isa bayan azahar rigata kamar an tsamo ta daga rijiya.

Matar Baffa na fara gamuwa da ita a ƙofar gida tana sheƙar gero. Ko gaisuwata ba ta amsa ba, allon take kallo.

"Daga ina wannan?"

"Daga wurin Baba."

"Kada ka shigo mani gida da shi. Allon da ya fito gidan can, ko na binnewa ne ko na sha. Ba mai sha nan, ba kuma inda za ka binne."

Na ce na karatu ne, saƙo ne. Ta ce tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa jin an aiko saƙo a allo ba, mai saƙo baki gare shi. Ta sa na ajiye shi ƙasa gindin wata tsamiya, ta kori yara kada wani ya tsallaka, ta kori kaji ma. Baffa ya dawo daga sharar gona, ya tsaya nesa, ya juya allon da bakin sandarsa kamar mai duba ko maciji ya mutu.

"Ɗan gidan maƙiyina, mi ka kawo?"

"Gaisuwa, Baffa. Tana can sama, ƙarama."

Ya ce ba zai yarda da karatuna ba. Aka kira malamin ƙauyen, wani tsoho mai ruwa a ido. Kafin ya iso duk wanda ke da ƙafa a ƙauyen ya hallara, don ba kullum ake karanta allo a bainar jama'a ba. Malam ya duba ya ce ba aya ba ce, ba hatimi, Hausa ce zalla. Ya fara, a hankali, yana haɗa baƙi ɗaya-ɗaya, abin da ya sa kowane zagi ya daɗe a iska kafin ya sauka. Ya kai kan galma ya tsaya ya ce shi dai ya ga bai kamata ba. Baffa ya ce, "Ci gaba, malam. So nake kowa ya ji irin yayan da Allah ya ba ni." Da aka zo kan agwagwa wani ya ƙyalƙyale, sai wurin ya ɗauka. Ni na sunkuyar da kai don kada a ga haƙorana.

Malam ya gama bayan allo ya ce shi ke nan.

Na ce, "Saura can ƙasa."

Ya kai allon kusa da hancinsa, ya nisanta shi, ya ce ba komai sai baƙin dabbare. Na karɓa na duba. Hammatata ta shanye shi tas. Zagin nan kaf yana nan garau, ko ɗigo bai goge ba.

Sai na faɗa da baki. Ni ban yi rantsuwa ba, bakina nawa ne. Na ce Kaka na kwance, ƙafafu sun kumbura, ba ta cin abinci, sunansa take kira.

Baffa ya yi wata dariya marar daɗi.

"Kai? Kai da ka taɓa tada kasuwar Bakori kaf da cewa mahara na bakin rafi, don kawai mai ƙosai ta gudu ta bar kasko?"

"Wannan daban, Baffa."

"Bara ma haka aka ce mani tana ciwo. Na zo na tarar da dattawa a zaure suna jirana in saki ɗorawa. Ka ga allon nan? Mutumin da uwarsa ke kwance ba ya cika allo ciki da baya da zancen ƙotar galma. Abin da ke allo shi aka aiko ka da shi. Na kuwa ji."

Ko ni aka karanta ma allon nan ba zan ce akwai majinyaci a gidan da ya fito ba.

Matarsa ta wanke allon a kan juji da ludayi mai dogon hannu, tana tofe-tofe. Baffa ya ce malam ya rubuta amsa, malam ya ce alƙalaminsa ba na wannan aiki ba ne, ya shuri takalmansa. Sai kallo ya dawo kaina. To, ni ba na ƙin aiki. Baffa bai kai Baba iya zagi ba, yana maimaita abu ɗaya, mai cin gumin marayu, mai cin gumin marayu, alhali shi ne marayan kuma gemunsa ya fara fari. Sai da na taimaka mashi. Na ce ko in sa yana gaida Inna? Ya ce Inna ta san yana gaishe ta, in sa cewa akuyar nan Baba ne ya kwance ta.

Washegari na koma, na karanta ma Baba a zaure. Ya saurara har ƙarshe jijiyar wuyansa na motsi, ya ce, "Wanke. Damo sabuwar tawada." Ina cikin wankewa ƙanwata ta zo ta ce Kaka na kira, in zo da allon.

Kwana biyu kawai ban gan ta ba amma sai da na tsaya a bakin ƙofa. Ta ƙara shigewa cikin tabarma. Na daure na ce, "Amarya, na yi tafiya ko kewata ba ki yi ba."

"Mijin banza. Ina autana?"

"Yana gaishe ki."

"Ƙarya kake. Faɗa mani abin da ka kai mashi."

Na karanto mata da ka, don na haddace shi fiye da yadda na taɓa haddace karatuna. A kan agwagwa sai da kafaɗarta ta motsa. Da na gama ta ce, "Ina nawa a ciki?" Na ce nata hammata ta cinye.

"Ubanka so yake ya ci faɗa. Kai so kake a yi dariya. Duk kun samu. Zauna ka rubuta nawa."

Na zauna.

"Daga Inna. Ɗorawa ta nuna. Ranar Juma'a bayan an sauko zan ba yayanka ita gaban liman. In kana da magana ka zo."

Na jira. Ta rufe ido.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Ba za a ce ba ki da lafiya ba?"

"In ka ce ina ciwo zai ce dabarar yayansa ce. In ka ce ina mutuwa zai jira ya ji daga bakin wani. Ni na haife shi, na san inda ake taɓa shi ya zabura."

"To ai ƙarya za ki sa ni rubutawa, ga ki a bakin hanyar lahira."

"Wa ya ce ƙarya ce? In bai zo ba, ubanka zan ba."

Ta ce in yi manyan haruffa a tsakiya, yadda ko makaho zai gani, in bar sauran wurin fili. Wannan filin shi ya fi ba ni wuya. Allo guda fari fat, ga tawada, ga hannu na ƙaiƙayi, ga wani sabon zance da na tanada kan kunnuwan Baffa tun a hanya. Na ce ko ɗan ado a gefe? Ta ce in na ƙara ɗigo ɗaya ta sake ni, ta auri ƙanena. Ta sa aka naɗe allon a tsohon zanenta na saƙi wanda duk ɗanta ya san shi, aka ɗaura ɗorawa guda a wuyan allon. Ta ce a ka zan ɗauka, hammatata ta yi abin da za ta yi. In kuma ya tambayi lafiyarta kada in ce komai.

Washegari da asuba Baba ya gan ni zan fita da ƙunshi a ka ya ce ina nashi amsar. Na ce Kaka ta ari allon. Bai tambayi abin da ke ciki ba, ni ma ban ga dalilin tada hankalinsa da wuri ba.

Wannan karon matar Baffa ta ga zanen, ta ba ni hanya. Ba a tara kowa ba. Malam ya karanta cikin numfashi ɗaya, ya juya bayan allo ya ga ba komai. Baffa ya ce a sake. Aka sake. Ya kwance ɗorawar ya ɓare ta, ya kalli garin.

"Ita ta faɗi wannan da bakinta?"

"Da bakinta."

"Ubanka ya juya mata kai. Na san za a yi haka. Lafiyarta lau dai ko?"

Na gyara tsayuwa, don tun a hanya nake jiran wannan tambaya.

"Abin da ke allo shi aka aiko ni da shi, Baffa."

Ya kawo mani sanda na goce. Kafin in sha ruwa ya ɗaura ma jaki akumari. Bai jira Juma'a ba, bai jira ayari ba. Ni da na zo da ƙafa sai ga ni ina binsa a baya da gudu-gudu, yana tafe yana shirya abin da zai faɗa, yana gwada shi a kan jakin.

Muka iso da la'asar. Baba na zaure. Suka kalli juna. Baba ya juyo gare ni.

"Gaya ma wancan ba a shiga mani gida da sanda."

"Gaya mashi gidan ubana ne."

"Gaya mashi ubansa ya bar mashi rabonsa, ya kwashe."

Na ce ai duk kuna jin juna, ku bar ni in huta. Ba wanda ya kula ni. Baffa ya ture ni ya shige, tun daga tsakar gida yake ɗaga murya, Inna wannan wace irin magana ce, Inna ashe haka za a yi mani, ni ba ɗa ba ne. Ya ɗaga asabarin ɗakinta ya sa kai. Maganar ta tsaya nan. Ina bayansa, na ga sandar ta zame ta jingina da bango.

Kaka ta buɗe ido.

"Ka zo? Ashe ɗorawa ta fi ni murya."

Baffa ya matso. Ya durƙusa ya kama ƙafarta da ta kumbura, ya riƙe. Ta ce ya sake ta yana mata ciwo, ya karɓi ƙoƙon can ya ba ta kunu. Ranar ta sha fiye da rabi.

Ranar Juma'a Baffa ya ce a bar zancen itace, Baba ma ta bakina ya ce a bari, amma kowannensu ya sa babbar riga ya zauna kusa. Kaka ta ce ta faɗa a allo za ta yi magana gaban liman, a kira shi. Da ya zo ta ce ta ce in auta bai zo ba za ta ba babban, to ya zo. Ta ce shi ma autan ba don ita ya zo ba. Ta ce ɗorawa daga hannun miji ta same ta, hannun miji za ta maida ta. Ta nuna ni da haɓa.

Liman ya tambaya ko wasan jika ne. Ta ce ta yi kama da mai wasa?

Baba ya juya ya kalli Baffa ido cikin ido ya ce, "Ka ji abin da ta yi?"

Baffa ya ce, "Na ji. Ɗanka ne ai. Kai ka shirya."

"Ni? Wannan ɗan iskan da ya rubuta maka zagina?"

Liman ya yi gyaran murya ya ce ma Baba rantsuwa dai ta karye, sai a shirya kaffara. Baba ya ce ya ji.

Ba ta ga wata Juma'ar ba. Da hantsi ta cika, Baffa na riƙe da kanta, Baba na zaune bakin ƙofa yana kallon waje. Kada wani ya ɗauka sun shirya. Bayan sadakar uku Baffa ya hau jakinsa bai yi ma kowa sallama ba, Baba kuma ya ce a duba ko igiyar da ya ɗaure jakin tamu ce. Abu ɗaya suka yarda da shi su biyun, cewa ni na sa ma tsohuwa magana a baki. Baba bai ci daddawar bana ba don daga itacena ta fito. Baffa kuwa ya kai ƙara, an ce in kawo bayanin yadda aka yi a rubuce.

Wannan da kuke ji ba shi zan kai ba. Wannan naku ne, shi ya sa na bar agwagwa a ciki. Na alƙali na riga na rubuta, manyan haruffa a tsakiyar takarda: ta ba ni, ranar Juma'a, gaban liman, su biyun suna zaune. Sauran wurin fili ne. Hannuna na ta ƙaiƙayi, na zauna a kansa.